Tafkin Tirasimen: wa ya ce Filaminiyus sakarai ne?

Ɗan Gidan Liman: Abin nan yana ci mini rai. Kullum aka ta da maganar Hanibal, kwamandan birnin Kartaj na Arewacin Afirka, a zauren nan sai yaƙin Kanne, inda ya ragargaza Romawa, kamar shi kaɗai ya yi. Ga Tafkin Tirasimen a tsakiyar Italiya, shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): Hanibal ya ɓoye runduna sukutum a kan tuddai, ya hallaka Romawa 15,000 cikin kamar awa 3, nasa 1,500 ne suka faɗi. Ya tarar da sakarai irin Filaminiyus, kwansul ɗin da ya jagoranci Romawa (kwansul shi ne ɗaya daga shugabanni biyu da Rum ke zaɓa duk shekara), ya kai shi ya baro. A wurina wannan ya fi Kanne. Mai ja ya fito.

Malamar Tarihi: Ƙanena, janye kalmar sakarai. Mutumin nan ya ci ƙabilar Insuburi ta Golawa, mazauna arewacin Italiya, da yaƙi a 223, kuma shi ya shimfiɗa babbar hanyar da ta tashi daga Rum zuwa Ariminum a 220. Tun 232, da ya raba wa talakawa filaye, manyan majalisar dattawa suka tsane shi, kuma su da abokansu ne suka rubuta tarihin. Wanda ya mutu a fagen fama ba ya da bakin kare kansa.

Tsohon Soja: Hajiya, da girmanki, hanya da filaye ba su ne aikin kwamanda ba. Dubi wurin: tafki a damarsa, tuddai a hagunsa, mashiga ƙuntatacciya a bayansa. Kafin ka zura mutum wajen 25,000 cikin irin wannan wuri, abu 3 wajibi ne. Ka tura 'yan leƙe su hau kowane tudu. Ka ajiye rukuni ya riƙe bakin mashigar. Ka jira hazo ya washe. Ko ɗaya bai yi ba. Ya shiga da sassafe a jerin gwano, sojoji cikin shirin tafiya, ba na faɗa ba. Da aka auko musu ta gaba da gefe da baya, ba wanda ke ganin tutar rukuninsa, umarni ba ya isa ko'ina, sai ihu. Wasu suka kutsa ruwa har wuya, mahaya suka bi su ciki, wasu kuma nauyin sulke ya nutsar da su. Idan wannan ba sakarci ba ne, a ba ni sunansa.

Malamar Tarihi: Baba, sunansa al'adar rundunar Rum ta wancan zamani. Ba su da isassun dawakai, leƙe kuwa aikin mahaya ne. Wata 6 kafin nan, a kogin Tirebiya, Mago ƙanen Hanibal ya laɓe a kwari da mahaya 1,000 da dakaru 1,000, Semfuroniyus, kwamandan Romawa a wurin, bai gan su ba. Shi ma sakarai ne? Ai sai a ce duk Rum sakarkaru ne, alhali su suka ci yaƙin a ƙarshe, a Zama, 202.

Na Damagaram: Ƙari a kan maganar Malama: Hanibal ya ratso fadamun kogin Arno kwana 4 da dare 3, har ya rasa ido ɗaya, ya wuce Filaminiyus a Aretiyum yana ƙone gonaki a kan idonsa. Shugaban da talakawa suka zaɓa zai naɗe hannu ana ƙone hatsinsu? Ga kuma ɗaya kwansul ɗin, Sarbiliyus, yana tahowa daga Ariminum. Bin sawun maƙiyi don a matse shi tsakanin runduna biyu tunani ne mai kyau.

Tsohon Soja: Bin sawu daban, manne wa mutum a ƙeya ido rufe daban. Tazarar yini guda ta ishe shi.

Ɗan Gidan Liman: Jama'a, ni fa kwatanta shi da Kanne na kawo.

Akawu: Kafin Kanne, gyara lissafinka. 1,500 na marubucin tarihi Folibiyus ne. Wani marubucin, Libiyus, ya ce 2,500, ban da waɗanda raunuka suka kashe daga baya. Ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi. Kuma kun manta Romawa 6,000 na gaba da suka fasa suka fita? Washegari Maharbal, kwamandan mahayan Hanibal, ya kewaye su, ya yi musu alkawarin tafiya in sun ajiye makamai, Hanibal ya ce Maharbal ba shi da ikon ba da wannan amana, aka tsare su. Gwanin naku ha'inci ya yi.

Na Damagaram: Yaya, ba duka aka riƙe ba. 'Yan Italiya ƙawayen Rum an sake su ba fansa, don a raba su da Rum. Romawa kuma su ne na ƙarshe da za su yi wa wani gorin alkawari: a 238 suka ƙwace Sardiniya lokacin da Kartaj ke fama da tawayen sojojin haya, suka ƙara mata tarar azurfa talanti 1,200. Ɗan Afirka ya rama, sai a ce ha'inci.

Akawu: Wane ɗan Afirka? Asalin mutanen Kartaj daga birnin Taya ne, Lebanon ta yau. Masu majajjawa daga tsibiran Baleyar, dakaru da yawa daga Sifen, yawancin matattunsa Golawa, wanda ya soke Filaminiyus ma Bagole ne, Dukariyus.

Na Damagaram: Garin da ya shekara kusan 600 a ƙasar Tunisiya ta yau? Dakarun Libiya da mahayan Numidiya fa, daga sama suka faɗo?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, Allah ya huci zukata. Abin da muhawarar ta nuna: Baba Tsohon Soja ya kawo hujja ta aiki, ba a iya tankwabe ta ba. Filaminiyus bai yi leƙe ba, bai tsare mashiga ba, kalmar da aka kira shi da ita ta zauna daidai. Sauran duk kare gwani ne. Maganar Kanne sai wani makon.

Malamar Tarihi: Ranka ya daɗe, ka tsallake Sentiniyus, kwamandan mahayan Rum. Kwanaki kaɗan bayan tafkin, Maharbal ya rutsa mahayan Sentiniyus 4,000 da Sarbiliyus ya turo, ya kashe kusan rabi, ya kama sauran. Su mahaya ne zalla, kuma Filaminiyus ya riga ya mutu.