Muhawara: Sai an sauke mota an ƙara mata tauri take riƙe hanya?

Ɗan Jamus: Assalamu alaikum jama'a. Na zo da magana, kuma na san za a yi mini ca. Motata Toyota GT86 ce ta 2013, ƙafarta tana nan yadda kamfani ya yi ta. Sau uku ke nan ina shiga Nürburgring, filin tseren motoci a nan Jamus, a ranakun da ake buɗe wa kowa, kuma duk kwanar da na sha sai in ji motar ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale. Na yanke shawarar sa mata koyiloba, wato sifirin da shakazoba a haɗe da ake iya ɗagawa ko saukewa, in sauke ta milimita 50, in ɗaure ta tamau. Ra'ayina shi ne, iya saukar mota da taurinta, iya riƙe hanyarta. Duk motar tseren da kuka taɓa gani cikinta na shafar ƙasa. Mai ja, bismillah.

Oga Mai Gareji: Wa'alaikumus salam. Ni ina da ja, ƙanena. Tun ina yaron gareji aikin ƙafa nake yi. Taya ce ke riƙe hanya, kuma abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Aikin sifirin da shakazoba shi ne su manna wannan ɗan wurin da ƙasa, ko hanya ta tashi ko ta faɗa. In ka cika tauri, da taya ta hau ɗan tudu sai ta yi tsalle, tayar da ke sama kuwa ba ta birki ba ta kwana. Ka tuna Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna? Ƙafarta laushi gare ta, ga doguwar tafiya sama da ƙasa, kuma ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, Ove Andersson na tuƙi.

Ɗan Jamus: Oga, da girmanka, Safari tseren daji ne, laka da duwatsu. Ni kwalta nake magana, wadda ake sharewa ana lallashinta.

Oga Mai Gareji: Kwaltar da kake shiga fa? Kai da bakinka ka taɓa gaya mana a kwanar Karussell haƙoranka har kaɗawa suke yi saboda gargadar kankare.

Mai Jan Wuta: Ni dai ina bayan Ɗan Jamus. Ku dattawa kullum laushi, laushi. Na tuƙa motar da aka ƙara wa tauri, da ka taɓa sitiyari take amsawa, ba sai ka jira gangar jikin ta gama kwanciya ba. Kuma ba wanda zai ce mini saukar da mota ba ya rage jirkicewar nauyi. Ku dubi Formula 1, akwai mai laushi a cikinsu?

Injiniya: Yayana Mai Jan Wuta, maganarka biyu gaskiya ne, ta ukun ce ba ta shafe mu ba. Motar Formula 1 iska ce ke danne ta ƙasa, kuma wannan dannewar ba ta aiki sai tsayin cikin motar daga ƙasa ya tsaya cak. Dole ce ta sa su tauri, ba don tauri na ƙara wa taya kamu ba. Shi ya sa ƙungiyar tseren Williams suka yi ƙafa mai aiki da kwamfuta a motarsu FW14B, wadda Nigel Mansell ya ci gasar 1992 da ita, har aka haramta tsarin daga 1994. Kuma kowa ya ga yadda direban Formula 1 Lewis Hamilton ya fito daga mota da ƙyar bayan tseren Baku a 2022, yana dafe da baya saboda jijjigar motar. GT86 ba ta da irin wannan dannewar ta iska, don haka za ta kwashi wahalar ba tare da ladan ba.

Ga abin da mutane ke kuskurewa. Yawan nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana ya dogara ne da nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta, da tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da ƙarfin kwanar. Taurin sifirin ba ya rage shi. Abin da yake canzawa shi ne yawan kwanciyar gangar jiki, da saurin komawar nauyin, da yadda ake raba shi tsakanin gaba da baya. Saukewa kam tana ragewa, na yarda, amma Toyota sun riga sun sauke cibiyar nauyin wannan motar zuwa milimita 460 da injinta mai kwance. Ba babban gyara ya rage maka ba.

Ɗan Jamus: To Injiniya, in ma ribar kaɗan ce, ai riba ce. Mene ne asarar?

Injiniya: Asarar tana ƙafar gaba. Motarka MacPherson gare ta a gaba, wato shakazoba ɗin shi ne ginshiƙin da ke riƙe taya daga sama, ƙarfe ɗaya da ake kira lowa-am kuma daga ƙasa. Akwai wani wuri da ido ba ya gani wanda gangar mota ke juyawa a kansa idan ta kwanta, kamar hinjin ƙofa. A irin wannan ƙafar, in ka sauke mota, wurin nan yana faɗawa ƙasa fiye da yadda cibiyar nauyi ta sauka. Tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru ke nan, kwana ta sami doguwar sanda ta ɓamɓarar motar. Sai ka ga mutum ya sauke mota don ta daina kwanciya, ta ƙara son kwanciya, ya sake sayen sifirin mai tauri don ya rufe ɓarnar da ya yi da hannunsa.

Ba nan ta tsaya ba. Ka leƙa ƙarƙashin motarka, za ka ga lowa-am ya ɗan gangaro daga jikin mota zuwa taya. In ka sauke ta da yawa sai ya juye, ɓangaren taya ya koma sama. Daga nan duk lokacin da ƙafa ta lotsa, taya ba ta ƙara karkata ciki yadda ake so, sai ta hau kafaɗarta ta waje. Tayarod ma, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya karkace, da ka hau tudu sai taya ta juya da kanta ba ka taɓa sitiyari ba.

Mai Miata: Bari in ba da shaida, don ni na yi abin da Ɗan Jamus ke shirin yi. Mazda MX-5 gare ni a nan Ingila. Wani gareji ya sa mini gajerun sifirin a kan tsofaffin shakazoba, motar ta yi kyau ƙwarai a ido. Ranar da aka yi ruwa na shiga wani shataletale da gudun da na saba, akwai ɗan faci a kwaltar, bayan motar ya yi tsalle ya fice, sai ga ni ina kallon inda na fito. Allah ya kiyaye ba mota a bayana. Da muka ɗaga ta, robar nan da ke kan sandar shakazoba, wadda ke tare shi in ya kai ƙarshe, ta daddatse ta zama gari. Ashe a kan robar nake tafiya, ba a kan sifirin ba.

Mai Jan Wuta: Allah ya ƙara tsarewa. Amma Malam, wannan laifin aikin arha ne. Gajeren sifirin a kan shakazoba na kamfani kowa ya san ba sa jituwa. Koyiloba na kirki, irin na Öhlins ko KW ko Bilstein, an gajarta jikinsa don tafiyar ta rage saura, kuma an auna shakazoba daidai da sifirinsa. Sannan in ya sa taya mai kamu sosai, ƙafar kamfani za ta kwanta fiye da da, dole ya ƙara tauri. Kada a tsorata yaro.

Injiniya: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ka kawo mu inda ya kamata a fara. Ɗan Jamus, wace taya ce a motar?

Ɗan Jamus: Irin wadda ta zo da ita, Michelin Primacy, 215/45 R17.

Oga Mai Gareji: To ai ga zancen. Ciwo na ƙafa kana shafa magani a ka.

Injiniya: Da gangan Toyota suka sa wannan tayar, irin wadda ake samu a Prius, don bayan motar ya riƙa zamewa cikin sauƙi direba ya ji daɗi. Ka fara da taya mai kamu. Sai alaimen: ka sa kusoshin kamba a gaba, saman taya ya karkata ciki kamar digiri 2, ka san dai cikin tayar zai fi saurin cinyewa in zirga-zirgar gari ta fi yawa. In har yanzu kwanciyar na damunka, akwai sitabilaiza, ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, wanda ke rage kwanciya ba tare da ya taurara motar sosai a miƙaƙƙiyar hanya ba. Amma a yi hattara, in ka ƙara kaurin na baya, baya zai fi saurin ficewa, in na gaba ne, motar za ta riƙa tura hanci waje.

Oga Mai Gareji: Ni kuma ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka ɗaga robar ƙura, ka ɗaura ɗan maɗaurin roba irin na haɗa wayoyi a sandar shakazoba, ka tura shi can ƙasa. Ka yi zagaye ɗaya ka duba. In ya haye har ya manne da robar ƙarshe, ba ka da milimita 50 ɗin da za ka bayar. Ka kuma goga alli a kafaɗar taya, inda allin ya goge nan ne take hawa.

Ɗan Jamus: Na ji, kuma zan yi gwajin ranar Asabar. Taya da alaimen na yarda su ne farko. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin koyiloba na nan tafe, sai dai wataƙila milimita 20 zuwa 25, ba 50 ba.

Injiniya: Wannan da dama-dama. In ka sa, a auna nauyin kowace taya a sikeli kana zaune a kujerar direba, a sake alaimen daga baya. Kuma a Jamus kake, ka sayi mai takardar amincewa, ka kai TÜV, masu binciken lafiyar motoci, su duba in takardar ta buƙaci haka, ka sanar da masu inshora.

Mai Jan Wuta: Ni dai ina nan a kan bakana, da taya mai kamu 25 ba za ta ishe shi ba. Ɗan Jamus, ka ɗauko mana hoton maɗaurin nan na gaba da na baya, kafin a canza taya da kuma bayan an canza.

Ɗan Jamus: In sha Allah, Yaya. Oga, allin makaranta zai yi, ko sai na masu faci?

Oga Mai Gareji: Na makaranta ya isa, in dai ba a yi ruwa ba.