Takalmin Prada: Aro Ne Ko Sata?

Malam Nura: Jama'a, ni ina nan a kan bakata, abin da Prada, kamfanin kayan sawa na Italiya, ta yi sata ce. A watan Yunin 2025 ta fito da takalmin fata a bikin nuna kaya na birnin Milan, ƙirar garin Kolhapur na Indiya sak, har zoben babban yatsa da saƙar sama. Ba ta ambaci masu ƙirar ba sai da 'yan Indiya suka yi mata caa. Alhali tun 2019 Indiya ta yi wa takalmin rajista da sunan yankinsa.

Anti Rabi: Malam, a bi a hankali. In aro sata ne, mu ma ba mu tsira ba. Atamfar da ke jikina asalinta rinin batik ne na Indonesiya, 'yan Holan suka ɗauko, mu muka mayar da ita kayan lefe. Rawa da waƙar finafinanmu fa, daga ina?

Malam Nura: Ai mu ba mu ɓoye ba, Anti. Holan muke ce mata.

Bashir: To mutanen Indonesiya fa, Malam? Wa ka taɓa ji ya ambace su a Kantin Kwari?

Malam Nura: Wannan kam ka kama ni.

Baba Ilu: Ku bari in sa baki, 'ya'yana, a gidan majema na tashi. Fatar jar akuyar Sakkwato a ƙasar nan ake jeme ta da bagaruwa a rina ta, a can baya ayari kan tsallaka Sahara da ita, Turawa su saya su yi bangon littattafai, su kira ta fatar Maroko. Mahaifina ya tsufa hannunsa cikin ruwan jima, faratansa sun yi baƙi ƙirin, ko sabulu ba ya fitar da shi. Bai taɓa jin haushin baƙo ya sa aikinsa ba, murna ma yake yi. Abin da ke ci masa rai shi ne dillali ya taya a wulaƙance, fata ta tafi, sunan garinmu bai bi ta ba.

Anti Rabi: Allah ya jiƙansa, Baba. Ke nan da Prada ta faɗi sunan Kolhapur tun farko, magana ta ƙare?

Baba Ilu: Amin, 'yata. Da ta rage. Amma suna kaɗai ba ya sayen hatsi. Ni abin da zan tambaya, nawa ya shiga aljihun badukun da ya yanka ya ɗinka?

Bashir: Malam Nura, har yanzu sata ce?

Malam Nura: Har yanzu. Wanda bai amsa ba sai da aka kama hannunsa, ban ga yadda zan kira shi mai aro ba.