Ni da uwargida za mu Alba Iulia, akwai wanda ya taɓa zuwa?

Baban_Ummi:
Salam jama'a. Muna zaune a Jamus, mun samu hutun kwana uku a watan Yuni, kuma ba ma son hayaniyar Bukares, babban birnin Romaniya. Wani abokin aikina ɗan Romaniya ya ce mu gwada garinsu Alba Iulia. Ita uwargida tarihi ne ya dame ta, ni kuwa cikina, don na ji mutanen nan ba sa wasa da alade. Kwana biyu zai isa? Kuma ta ina ake bi?

Ɗalibin_Cluj:
Wa alaikumus salam yallaɓai. Kar ku kuskura ku sauka Bukares ku ce jirgin ƙasa za ku hau, wuni guda zai tafi a hanya. Ku sauka Cluj ko Sibiu, Sibiu ma ta fi kusa, wajen kilomita 70 ne.

Kwana biyu ya isa har da canji, don kusan duk abin kallon yana cikin ganuwa. Sunanta Alba Carolina, mutanen Ostiriya suka gina ta daga 1715 zuwa 1738, jan bulo ce mai siffar tauraro da kusurwa bakwai, kuma ramin da ke tsakanin bangayen an gyara shi ya zama wajen yawo, tsofaffi na zaune yara na tuƙa keke, ni dai duk na je sai na tuna yadda aka bar badalar Kano tana zaizayewa raina ya ɓaci. A ciki akwai zauren da wakilai 1,228 suka amince Transilbaniya, yankin da garin yake, ta haɗe da Romaniya ranar 1 ga Disamba 1918, shi ya sa ranar ta zama ranar ƙasarsu. Sai cocin da aka gina don naɗin Sarki Ferdinand da matarsa Mariya a 1922, kusa da shi kuma tsohon cocin Katolika mai kabarin Hunyadi, wanda ya tare Turkawa a Belgrade a 1456. Hajiya za ta more.

Maman_Sadik:
Baban Ummi maganar abincin nan ka riƙe ta da kyau wallahi. Bara na ga sarmale a hoto, ganyen kabeji an naɗe shinkafa a ciki, na ce a kawo, Allah ya sa maigida ya tambaya kafin in kai baki, ashe da niƙaƙƙen alade ake yi. Ko miyar wake sai ka iske sun jefa masa a ciki. Ku haddace: porc alade, pui kaza, pește kifi. Wadda ta fi ceton mu ita ce "de post", abincin azumin Kiristocinsu ne, babu nama babu ƙwai babu madara. Mămăligă kuwa tuwon masara ne sak, sai dai da cuku da kindirmo suke ci, ba miyar kuka 😂

Kuma kar ku sa gidan tarihi ranar Litinin, a rufe muka same shi.

Ɗan_Damagaram:
Ni fa ban ga abin zuzutawa ba. Da an fita ganuwar sai benaye irin na zamanin gurguzu, dare na yi gari ya yi tsit. Ku kwana ɗaya kawai, washegari in ta Cluj za ku koma ku tsaya Turda ku shiga tsohon ramin haƙar gishirin da ke can, amma ku ɗau rigar sanyi ko da rani ne.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai. Tsit ɗin nan ai shi muke nema malam. Na nuna wa uwargida, ta riga ta rubuta "de post" a wayarta, yanzu tikitin Sibiu nake dubawa.