Ɗana ya shekara biyu da wata huɗu bai fara magana ba, ku ba ni shawara

Maman Abba, Kurna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Abin nan ya hana ni barci. Ɗana na fari ya shekara biyu da wata huɗu, amma ban da "mama" da "a'a" babu abin da yake faɗa. In ruwa yake so sai dai ya ja bakin zanina ya kai ni gindin randa ya nuna. 'Yar maƙwabciyarmu da ya girme ta da wata uku har gulma take kawo wa uwarta. Surukata ta ce nauyin baki ne na gado, babansa ma sai da ya shekara uku ya buɗe baki. Wata kuma ta ce in kai shi wurin wanzami a duba ƙasan harshensa. Ba zan ɓoye muku ba, ɗinki nake yi a gida, tun yana wata tara nake miƙa masa waya don in samu in taka keke. Bara kuma kunnensa ya yi ta fitar da mugunya, na sayo maganin ɗigawa a kemis ya tsaya. In ci gaba da jira ne?

Hajiya Babba, Gwammaja:
'Yata, kwantar da hankalinki. Na haifi takwas, na biyar ɗin sai da muka fara tsorata kafin ya yi magana, yanzu surutunsa ya ishi gida. Jinkiri akwai shi. Amma maganar wanzami ki bar ta, kada a sa wa yaro aska a baki ya yi ta zubar da jini a banza.

Anti Sista, Hotoro:
Maman Abba, ni wurin kunnen nan na tsaya. Ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma duk yaron da aka kawo mana ba ya magana, ji muke fara tuhuma, don yaro abin da ya ji yake maimaitawa. Ciwon kunne mai mugunya yana iya barin huji a dodon kunne ko ruwa a bayansa. Yaron zai ji ƙarar babur ya waiwaya, ki ce ai yana ji, alhali maganar mutane tana zo masa kamar daga cikin rijiya. Ƙyanda da sanƙarau ma suna taɓa ji, in ya taɓa yin ɗaya ki gaya wa likita.

Abin da ake sa rai ga ɗan shekara biyu shi ne ya haɗa kalma biyu, kamar "mama ruwa", kuma in an ce "ɗauko takalminka" ba tare da an nuna masa ba ya gane. Maganar Hajiya gaskiya ce, wasu suna kamo 'yan uwansu da kansu. Matsalar, daga gida ba za ki iya rabe wanda zai kamo da wanda yake buƙatar taimako ba, kuma shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa. Ki fara da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ki ce kina son a auna jinsa. In ya kama, za a tura ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ki tafi da katin rigakafinsa, a ɗora shi a sikeli, a auna damtsensa da jininsa, don ƙarancin jini da tamowa ma suna sa yaro ya yi sanyi.

Ummu Hanan, Sheka:
Ki karɓe wayar nan, wallahi. Nawa ma haka ya so ya yi min.

Malama Indo, Ɗorayi:
Karɓewa kaɗai ba ta isa ba, sai an ba shi abin da zai maye gurbinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalili, waya tana yi masa magana amma ba ta jiran amsarsa.

Akwai binciken da aka fara a Jamaika a 1986 kan yaran da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Duk mako ma'aikaciya takan je gida ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida, har shekara biyu. Bayan shekara 20 aka sake nemo su, sai ga abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100. Abin da ya fi taɓa ni, uwar ce ta yi aikin, ba na'ura ba.

Kuma ba sai kin bar ɗinki ba. Shimfiɗa masa tabarma kusa da ke, nesa da allura da almakashi, ki ba shi ƙyallaye da gwangwanin madara. Ki riƙa faɗar abin da kike yi: "ja, wannan ja ne, ba ni ja." In ya kai ki randa, ki durƙusa ki kalli idonsa ki ce "ruwa", ki ɗan dakata, ko "wa" ya ce ki yi murna ki ba shi. Kada ki hana shi ruwan don ki tilasta masa. Da daddare ga ta nan ga ta nanku, ko bai amsa ba. Babansa ma ya riƙa ɗaukarsa zuwa bakin masallaci da wurin mai shago.

Maman Abba:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya na tsaya bayansa na murza ledar biskit a hankali ta hagu, ko motsi bai yi ba, ta dama kuma nan take ya juyo. Jikina ya yi sanyi. Litinin da sassafe za mu je in sha Allahu. Sai dai ina tsoron surukata ta ce na raina maganarta.

Hajiya Babba:
Kada ki ce mata za ki kai shi don ba ya magana. Ki ce, "Hajiya, kunnen jikanki ne ya dame ni, ki raka ni." Ki bar ta ta riƙe shi a cinya lokacin da likita yake dubawa, ta ji bayanin da kunnenta.