Likitan ƙashi ne, mai ɗori ne, ko me? Mu sama wa likitan DO na Amurka suna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makarantun koyon likitanci a Amurka iri biyu ne: masu ba da digirin MD da kowa ya sani, da masu ba da DO, waɗanda Turawa ke kira osteopathic. Yau kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar a makarantun DO suke, kuma 'ya'yan mutanenmu mazauna can suna neman gurbi a cikinsu. Uba zai bugo waya gida da murna, a tambaye shi wane irin likita 'yar tasa za ta zama, ya rasa ta cewa. Shi ya sa na jefo muku tambayar wane suna za mu ba likitan DO da Hausa, ga kuma abin da na tattara daga amsoshinku.

Wani malamin makaranta ya ce a kira shi likitan ƙashi, tunda farkon kalmar osteopathic daga Girkanci yake, ma'anarsa ƙashi. Malam, Allah ya ƙara basira, amma wannan suna yana da mai shi. Duk wanda ya ji likitan ƙashi, asibitin Dala zai faɗo masa a rai, da karaya da sa ƙarfe a cinya. Shi kuwa mai DO yana iya zama likitan yara, ko na mata, ko na tiyata, ko na taɓin hankali. Sean Conley da ya duba Trump lokacin da korona ta kama shi a 2020 mai DO ne, haka Kevin O'Connor likitan Biden. Babu ɗayansu da aikinsa ya tsaya kan ƙashi.

Wata hajiya ta ce mai ɗori, kuma tana da hujja fiye da yadda take zato. Wanda ya assasa abin, Andrew Taylor Still, ya taɓa tallata kansa a matsayin mai ɗori. Likita ne da sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku a 1864, zuciyarsa ta fita daga magungunan zamaninsa, waɗanda wasunsu guba ce zalla. A 1874 ya fito da ra'ayin cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashi da gaɓɓai suke, musamman na gadon baya, kuma in an daidaita su da hannu jiki zai warkar da kansa. A 1892 ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Misuri. To amma Hajiya, wannan kakan ne, jikan ya yi nisa. Ɗalibin DO na yau sai ya gama digirin farko, ya ci jarrabawar MCAT ta neman shiga makarantar likitanci, ya yi shekara 4 yana karatun ilimin jiki da magunguna da tiyata kamar na MD, sannan ya shiga horon ƙwarewa a asibiti. Tun 1973 duka jihohi 50 sun ba shi izinin rubuta magani da yin tiyata. In muka ce masa mai ɗori mun zalunce shi, mun kuma ruɗar da marar lafiya.

Likitan gashin ƙashi ma an kawo, na ajiye shi nan take, don masu gashin ƙashi sana'arsu daban ce da makarantarsu.

Kafin a yanka wa abu rago sai an san halinsa, don haka bari in faɗi abin da ke cikin makarantar, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ta fi 'yar'uwarta ta MD da shi, na farko, hannu ne. Ana ƙara wa ɗalibi kimanin awa 200 na koyon gyaran jiki da hannu. A ɗakin koyon ana jera gadaje masu ɗan tsawo, ɗalibai su rabu biyu-biyu, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya bi gadon bayansa da yatsu gaɓa bayan gaɓa har ya gano inda tsoka ta ɗaure, ya lanƙwasa masa ƙafa ko kafaɗa ya ce “tura hannuna a hankali”, sannan ya sassauta. Wanda ya yi shekara biyu yana haka ba ya tsoron taɓa marar lafiya, kuma ni ina ganin wannan babbar riba ce a zamanin da likita kan fi kallon kwamfuta da kallon wanda ya zo wurinsa. A ciwon baya wannan aiki yana da amfani: binciken da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 1999 ya nuna waɗanda aka yi wa shi sun samu sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, kuma da ƙarancin shan magani. Sannan ƙofar shiga ta ɗan fi faɗi. Matsakaicin makin MCAT na masu shiga DO wajen 504 ne, na MD kuwa wajen 511. Fiye da rabin masu DO kuma a fannin likitan iyali da na yara da na cututtukan cikin jiki suke, da yawansu a ƙauyuka da unguwannin da likita ya yi ƙaranci.

Rauninta kuwa ba ƙarami ba ne. Cikin abin da ake koyarwa da hannun akwai wanda ba shi da hujja mai ƙarfi, kamar da'awar motsa ƙasusuwan ƙoƙon kai don magance cuta, kuma dole ɗalibi ya karanta shi don ya ci COMLEX, jarrabawarsu ta samun lasisin aiki. Tun 2020 an haɗe tsarin horon ƙwarewa na MD da DO wuri guda, wanda alheri ne, amma mai son fanni mai tsananin gasa kamar fata ko tiyatar ƙwaƙwalwa yakan ƙara da jarrabawar USMLE ta masu MD, ya biya kuɗi biyu, ya sha wahala biyu, kuma duk da haka na MD ya fi shi samun shiga. Galibin makarantun masu zaman kansu ne, da tsada. Da yawa ba su da babban asibitin koyarwa na kansu, sai a watsa ɗalibai asibitocin garuruwa daban-daban a shekara ta uku da ta huɗu: wani ya dace da malami mai sa ido, wani ya ƙare yana bin bayan likita ba a ba shi komai ya riƙe ba. Inda ɗalibi zai yi wannan horon asibiti ita ce tambayar da ya kamata uba ya fara yi kafin ya biya ko sisi. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: a ɗakin gadajen nan, makarantu da yawa suna sharɗanta gajeren kaya, da cewa ɗalibi zai taɓa namiji da mace kuma su taɓa shi. Mai hijabi ta nemi bayanin sassaucin da suke yi a rubuce tun kafin ta karɓi gurbin.

Akwai wani tarko kuma. A Ingila, wanda ake kira osteopath ba likita ba ne. Dokar 1993 ce ta tsara aikinsa, da hannu kawai yake jinya, ba ya tiyata. Suna ɗaya ba zai ɗauki mutanen biyu ba, kuma mai niyyar komawa Najeriya ko Nijar ya yi aiki, ya fara samun matsayar hukumar likitocin ƙasar a rubuce, don kada a ɗauke shi a matsayin irin na Ingila.

Wani ɗan'uwa ya ce a laƙaba wa mai DO sunan wanda ya assasa abin, likitan Sitil. Ya yi daɗin faɗa, sai dai makarantun sun bar yawancin abin da Still ya yi imani da shi, sunan zai mayar da su baya.

Ga inda na tsaya. Mu ari kalmar mu hausantar da ita, kamar yadda muka yi wa asibiti: na Amurka likitan ostiyo, makarantarsa makarantar likitancin ostiyo. Kalmar likita ta zo gaba don a san cikakken likita ne, ostiyo kuma ba ta jingina masa sana'ar wani ba. Aikin hannun mu kira shi gyaran gaɓɓai da hannu. Na Ingila kuwa mai gyaran gaɓɓai, ba tare da likita ba. Masu fassara labarai da malaman asibiti da ke cikinmu, ku gwada su a bakin marasa lafiya da masu sauraro, ku dawo mana da abin da kuka ji.