Kakannin wa? Rigimar irin wake a zauren unguwa

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Bana na sayi irin wake mai tsada a hannun wani dillali, wai ingantacce, na kai gonata ta hanyar Gezawa. Ya nuna da wuri, ban musa ba. Amma harawa ko dami biyar ban ɗaure ba, ga raguna a gida suna kallona. Maƙwabcina da ya shuka Kanannado, waken nan namu na gida, har sayarwa yake yi. Ni dai na ce irin kakanninmu ne ake kwashewa, a shafa masa jan magani, a ƙulla a leda, a dawo mana da shi da kuɗi.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma kakannin wa? Waken da ke jure wuta-wuta, juriyar daga wani waken ƙauye na Botswana aka samo ta, ana ce masa B301. Shi aka yi ta haɗawa aure da wasu a tashar IITA, cibiyar binciken noma, ta nan Kano. Kakanka ya je Botswana?

Ɗan Dawanau: Kakan Alhaji ai ɗan koli ne a Kurmi, ko fartanya bai taɓa riƙewa ba 😂

Baban Ummi: Kai yaro ka kiyayi kakana. Da shi aka yi awon gyaɗa lokacin dala, ubanka ma bai yi wayo ba.

Malamin Gona: Gara da ka ambaci gyaɗa. A 1975 kuturun gyaɗa ya shafe gonakin Arewa, darɓa ke yaɗa shi, irin da ke hannun manoma bai tsaya masa ba. Gyaɗar da ke jure shi, tushenta tsohon irin manoman iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa ne. Su ma kakanni ne, amma na wasu.

Bazazzagi: Ku dai faɗi gaskiya, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ce ke yin aikin. Irin gyaɗa SAMNUT, na wake SAMPEA, na dawa SAMSORG, duk sunan Samaru ne a gaba. Kanawa sai saye da sayarwa.

Ɗan Dawanau: In ba mu saya ba ku ci takardar.

Hajiya Babba: Ni ban san Botswana ba. Shekarata talatin ina suyar ƙosai a ƙofar gida. Wake babba fari, in ka jiƙa ka surfa ƙowar ta fita salin-alin, ƙullun ya tashi ya yi kumfa. Wannan ƙananan kuwa sai shan mai. Iyayenmu ba su yi boko ba amma sun san abin da suke ajiyewa a tulu da toka.

Malamin Gona: Hajiya ba wanda ya raina su. Kanannado ba ya fure sai yini ya fara gajarta, shi ya sa yake ta yaɗo yana tara ganye. Alhaji ya sayi mai saurin nuna, ya zo yana neman harawa. Akwai wanda aka fitar don 'ya'ya da harawa duka, da ya tambaya.

Baban Ummi: Au, ni ne ma mai laifin kenan?

Auta: Yaya ni fa tambayata daban. Shibra da muke cirewa a gonar gero, an ce jininta ɗaya da geron daji. Ita ma kaka ce?

Ɗan Dawanau: To ka kai ta niƙa ka yi fura mu gani.

Malamin Gona: Ai dangin daji irin haka ake bincika a nemo juriyar fari da cuta. A Ibadan akwai nau'in wake sama da 15,000 a ajiye cikin sanyi, an kuma kai kwafin wasu rumbun Svalbard na ƙasar Norway tun 2008.

Baban Ummi: Kun ji ko! Da bakinsa ya faɗa. Har Turai aka kai.

Malamin Gona: Ajiya ce Alhaji, wanda ya kai shi kaɗai ke da ikon karɓa.

Bazazzagi: Wai Kanannadon ma wa ya ce na Kano ne?

Hajiya Babba: Sunan bai ishe ka ba?

Ɗan Dawanau: Har yanzu ba a ba ni amsa ba, gonar kakan Alhaji a ina take?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, kowa ya yarda irinmu na gida ya fi, har Malam da kansa ya amsa cewa daga wajen manoma suke ɗauka. Maganar Botswana a bar ta sai an kawo hujja. Ɗan Dawanau ka ba Alhaji haƙuri. Mai son Kanannado na asali don baɗi ya same ni a shago bayan la'asar, saura buhu biyu. Na rufe zaure sai da safe.