Muhawara: Kwamfuta za ta hana gurɓataccen littafi shiga aji?

Matashin Malami: Assalamu alaikum. Ni dai na ce ranar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, da hukumomin ilimi na jihohi irin su KERD ta Kano suka mayar da tantance littattafan makaranta kan intanet kacokan, ranar littafin banza zai daina shiga ajin gwamnati. Kamfani ya ɗora littafinsa, a ɓoye sunansa, a tura wa masu dubawa uku da ba su san juna ba, kowa ya ba da makinsa. Ta ina alfarma za ta shigo?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Ɗana, a bi a hankali. JAMB tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma a 2025 sai da aka ce ɗalibai kusan 380,000 su sake zama jarrabawa saboda tangarɗar na'ura. Kuma mai ba da makin nan mutum ne, yana da waya, yana da ɗan'uwa.

Matashin Malami: Ranka ya daɗe, ai hujjata ka kawo. An gano kuskuren ne don akwai bayanan da za a bi diddigi. Da a fayil ɗin takarda ne, wa zai tono?

Mai Shagon Littafi: Malam, ku da kuke aji ba ku ga abin da muke gani a kanta ba. Littafin da aka tantance daban, wanda yake isa hannun yaro daban. Kamfani zai kai kwafi mai farar takarda mai kauri, an ɗinke shi da zare. Da amincewa ta fito, sai na jabu ya cika kasuwa: takarda shara-shara har kana hango rubutun baya, gam kawai aka shafa, kafin hutun zango na farko bango ya rabu da ciki. Taswirar Najeriya ma baƙi ƙirin take fitowa, ba ka gane Neja daga Binuwai. Wannan a allon kwamfuta ba ya nunawa, sai ka riƙe shi ka lanƙwasa.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka, Alhaji. Ni abin da ya dame ni, a canza bango a ce sabon bugu ne, ƙani ba zai gaji na yayansa ba. Kuɗin dai mu ke fitarwa.

Malamar Hausa: Yaya, a nan kam na'ura ta fi mu. Ba ta gajiya, za ta jera bugu biyu ta nuna shafin da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. Yanzu da aka sauya manhajar karatu a 2025 aka dawo da darasin Tarihi, kowane kamfani zai ce littafinsa ya dace da sabuwa, to a auna a gani. Amma hukunci kan abin da ke ciki ban yarda a bar mata ba. Littattafan da Kano ta haramta a 2023, ai jama'a ne suka fara ɗaga murya. Na'urar da har yau take cin ƙugiyar ƙ da ɗ, ita za ta gane hoton da bai dace da tarbiyyarmu ba, ko jimlar da ta fi ƙarfin ɗan aji 3?

Matashin Malami: Anti, ban ce a kori mutane ba.

Tsohon Hedimasta: Ka ce "kacokan", ga shi can sama. Abin da zan goyi baya shi ne a buɗe rajista: sunan littafi, wane bugu, yaushe aka duba, me ya sa ya ci ko ya faɗi. A sa malamin da ke riƙe alli cikin masu dubawa, a daina tara 'yan ofis zalla. Sannan kowane kwafi ya zo da lambar da uba zai tura ta tes a ƙaramar waya, kamar yadda ake kankare ta jikin magani.

Mai Shagon Littafi: Lambar na yarda, Baba. Amma kuɗinta a kan farashi za a ɗora.

Maman 'Yan Biyu: Wato mu dai. To wa zai je makarantar ƙauye ya ƙirga ko abin da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta saya ya isa? Tes ɗin ne zai je?